Batirin Rimot ɗin Mota Ya Yi Sanyi: Na Tebur, Na Kamfani, Ko a Kai wa Mai Gyara?

Rimot ɗin mota ba ya mutuwa farat ɗaya. Da fari kana dannawa daga bakin zaure mota ta amsa. Sannu a hankali sai ka matso kusa, daga baya sai ka danna sau biyu sau uku, 'yar jar fitilar jikinsa tana dishi-dishi. Motocin da ake tayarwa da maɓalli sukan rubuto gargaɗi a allon gaban direba. A nan mutum yake tsayawa yana shawara: ya tsaya wajen mai tebur a babbar kasuwar Marwa ko Garwa ya sayi na kwali, ya nemi na kamfani ya sa da hannunsa, ya miƙa wa mai gyaran agogo, ko ya kai gidan wakilin kamfanin motar?

Tambayoyi biyu ne aka cusa cikin ɗaya: wane batir za a sa, kuma hannun wa zai buɗe makullin. Mutane sun fi damuwa da ta biyu, alhali ta farko ce ta fi yawan jawo asara. Batirin abu ne mai araha. Makullin da ake sa shi a ciki shi ne mai tsada, don sabon makullin motar zamani tare da haɗa shi da kwamfutar mota maganar jaka gomomi ce na sefa, a wasu motocin ta haura jaka ɗari.

Lambar da ke jikin batir

Kafin maganar zaɓi, a san abin da ake nema. Kusan duk rimot yana aiki da batir mai siffar kwabo, na lithium, mai volt 3, lambarsa tana farawa da CR. Lambobin da ke biye awo ne. CR2032 faɗinsa milimita 20, kaurinsa 3.2, kuma yana ɗaukar wuta wajen 220 mAh. CR2025 faɗinsu ɗaya amma kaurinsa 2.5, wutarsa wajen 160. CR2016 kaurinsa 1.6, wutarsa wajen 90. Akwai kuma ƙananan, masu faɗin milimita 16: CR1632, CR1620 da CR1616.

Sunan mota kaɗai ba ya faɗa maka lambar. Camry ɗin 2007 zuwa 2011 mai makullin murɗawa CR2016 take ci, 'yar'uwarta ta shekarun nan mai maɓalli kuma CR1632. Sababbin Toyota da yawa CR2032 ne. Makullan Marsandi da dama CR2025 ne, wasu tsofaffin ma guda biyu suke ɗauka. Tunda yawancin motocinmu na hannu ne da suka shigo ta Duwala ko Kwatano, wasu daga Turai, wasu daga Amurka ko Dubai, kuma sau da yawa ba su zo da littafinsu ba, abin dogaro ɗaya ne: a buɗe, a karanta lambar tsohon, a tafi da shi kanti.

Ma'aunan da za a duba

Kuɗi na farko, amma ba kuɗin batirin kaɗai ba, har da na zuwa da dawowa. Wanda ke Mokolo ko Yagwa ba daidai yake da wanda ke tsakiyar Njamena ba. Don a samu abin gwadawa, mu ɗauki litar fetur ta gidan mai, wadda aka mayar sefa 840 a Kamaru da 730 a Cadi a watan Fabrairun 2024.

Na biyu daɗewa. Rimot na dannawa kawai yakan kai shekara uku zuwa huɗu da batir mai kyau, don ba ya jan wuta sai an taɓa shi. Makullin da ake bari a aljihu mota ta gane shi da kanta kullum a kunne yake yana sauraron mota, shi ya sa littafin Toyota yake cewa shekara ɗaya zuwa biyu. A nan ƙasarmu tana da nata hukunci. Daga Maris zuwa Mayu zafin Marwa, Kusiri da Njamena yana wuce 40, kuma zafi yana cinye batir ko ba a taɓa amfani da shi ba. Shekarun da kamfani yake rubutawa a kwali, har zuwa goma, lissafin ajiya ne a wuri mai sanyi-sanyi, ba a kan tebur ƙarƙashin kwano ba.

Na uku sauƙi: ana samu a kusa, kuma aikin zai ci minti nawa. Na huɗu haɗari, wanda ya kasu uku: karya murfin makulli, lalata allon lantarkin da ke ciki, da mutuwar batir a inda babu mai sayar da wani.

Batirin kwali na tebur

Shi ne wanda ake gani guda biyar a jere a kwali ɗaya, rataye kusa da tocila da cajar waya, mai tebur yana yanko maka ɗaya da almakashi. A kuɗi babu mai ja da shi, bai kai kuɗin litar fetur ba. A sauƙi ma haka, akwai shi daga kasuwar Dembe a Njamena har tashar motar Mora.

Matsalarsa ba ka san abin da ka saya ba. Wani lokaci batir ne mai kyau wanda ya daɗe a rana, wani lokaci jabu ne da aka buga wa sunan babban kamfani, wani lokaci kuma ka yi sa'a ya yi maka shekara. Ga wata alama da ta cancanci lura: kamfanin Sony ya sayar da sashen batirinsa ga Murata tun 2017, saboda haka kwalin da ka gani yau da sunan Sony ko dai tsohon kaya ne ko abin tuhuma. A duba rubutu ko ya yi dusu-dusu, a duba ko akwai ranar ƙarewa, a duba ledar ko ta yi ja saboda rana.

Mai tebur zai iya ɗora maka shi a kan mita ya ce ga shi, volt 3 cif. Wannan ba shaida ba ce. Sabon batir na gaske yana nuna 3.2 zuwa 3.3, kuma wanda ya kusa mutuwa ma yana iya nuna 3 muddin ba a ja masa wuta ba. Sai an danna maɓalli ƙarfinsa yake faɗuwa.

Haɗari mafi girma a tebur shi ne dabarar "wannan ma zai yi". Babu CR2032, sai a ɗora CR2016 biyu, tunda kaurinsu ya zo daidai. Kauri ya zo daidai, amma wuta ta zama volt 6 a allon da aka gina don 3. Ko a ba ka LIR2032, mai caji, wanda yake 3.6 zuwa sama. Ko a sa CR2025 a cusa takardar sigari mai ƙyalli don ya zauna, ya yi aiki yau, gobe a ramukan hanyar Waza ya goce. Idan makullinka dama batir biyu aka yi shi da su, wannan daban. Idan ɗaya ka tarar, ɗaya za ka mayar, mai lamba iri ɗaya.

Batirin kamfani da hannunka

Panasonic, Maxell, Murata, Energizer, Duracell, Varta, Renata. Kuɗinsa yakan ninka na tebur sau da yawa, lita ɗaya ko biyu na fetur, amma a raba kuɗin da shekarun da zai yi sai a ga shi ne mai araha. Aikin yana wajen samun na gaske. Wurare uku sun fi tebur: manyan kantuna masu na'urar sanyi, kantin magani, don na'urar awon sukari da yawa CR2032 take ci, da shagon kwamfuta, don shi ne batirin da ke riƙe agogon kwamfuta. Duka ukun kayansu suna cikin inuwa, kuma shago ne da za ka dawo ka same shi. CR2032 da CR2025 ba sa wuyar samu. CR1632 da CR1616 ne suke sa mutum yawo, don haka wanda makullinsa yake cin su ya sayi biyu duk ranar da ya gani.

Buɗewar ba wani abin tsoro ba ce idan an bi ta a hankali. A shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, don abin da ya faɗo a gan shi. A makullin aljihu akwai ɗan maɓalli a gefe, a danna a zaro makullin ƙarfe da ke ɓoye a ciki. Daidai inda ya fito, ko kusa da wurin, akwai 'yar tsaga. A sa bakin makullin ko ƙaramin sukundireba da aka naɗe wa ƙyalle, a murɗa, ba a danna ba. Murfin zai ce ƙas ya rabu, a bi gefe-gefe da farce. Kafin a taɓa batirin a ɗauki hoto da waya, don a wasu makullan alamar + tana kallon sama, a wasu ƙasa. A kama sabon ta gefensa, kada a shafa masa maiƙon yatsa, kuma kada a kama shi da hantsakin ƙarfe sama da ƙasa, wannan haɗa wutarsa ne. Wasu sukan zo da 'yar takarda manne a ƙasa, a ɓare ta. Idan akwai zoben roba a gefen murfi a mayar da shi mazauninsa, shi ne yake tare ƙurar hunturu da ruwan Agusta.

Inda ake yin ɓarna wuri biyu ne. Roba da ta sha rana shekara goma takan yi ƙarfi, haƙoran da ke kama murfin su karye, mutum ya koma ɗaure makulli da salatif. Na biyu ya fi muni. A tsofaffin makullan murɗawa akwai wani ɗan ƙaramin abu baƙi ko na gilashi, bai fi ƙwayar shinkafa girma sosai ba, a zaune a wani lungu na murfin. Shi ne mota take ganewa kafin ta yarda ta tashi. Ba ya amfani da batir ko kaɗan, amma idan ya faɗi cikin yashi ba a lura ba, ƙofa za ta buɗe, inji zai yi ta juyawa, mota ba za ta tashi ba. Amfanin farin ƙyallen ke nan.

Wata 'yar magana kan Duracell: sababbin nasu ana shafa musu wani abu mai ɗaci don yaro ya tofar idan ya sa a baki. Niyya ce mai kyau, amma a wasu na'urori shafin yana hana ƙarfe taɓa ƙarfe sosai. Idan ka sa sabo rimot ya ƙi, kafin ka yanke cewa makulli ya lalace gwada na wani kamfani.

Mai gyaran agogo, da ɗan'uwansa mai gyaran waya

A ganina wannan ne zaɓin da aka fi rainawa. Dattijon da ke zaune bayan akwatin gilashi a bakin kasuwa, da tabarau a ido ɗaya, ya shekara yana buɗe abin da ya fi rimot ƙanƙanta. Yana da siraran sukundireba, yana da hantsakin roba, kuma hannunsa ba ya gaggawa. Kuɗin hannunsa kaɗan ne, wani ma idan a wurinsa ka sayi batir ba zai karɓi komai a kai ba. Aikin minti biyar ne kana tsaye.

Rauninsa shi ne batirin da ke cikin akwatinsa, wanda sau da yawa daga dillali ɗaya suka saro da mai tebur. Maganin abin mai sauƙi ne, ka zo da naka. "Baba, ga batirin na zo da shi, hannunka kawai nake so." Ba zai ji haushi ba, sai dai ya juya kwalin ya duba ya ce, "To Alhaji, wannan kam mai kyau ne." Ka biya shi haƙƙinsa.

Mai gyaran waya ya fi shi a abu ɗaya. Idan matsalar ba batir ba ce, maɓalli ne ya ɓalle daga allo, ko ƙarfen da ke riƙe batir ya saki, ko gumi da ruwa sun sa tsatsa, shi ne mai dalma da abin wanke allo. Amma a zaɓi wanda aka san aikinsa. Yaron shago mai koyo da iska mai zafi a hannu zai iya ƙona abin da babu irinsa a gari.

Mai gyaran wutar mota da mai yanka makulli

Don canjin batir kawai, zuwa gareji ɓata lokaci ne, kuma kuɗin ya fi na mai agogo. Ranarsu ita ce ranar da aka sa sabon batir na gaske rimot ya yi shiru. A nan mai na'urar gwaji zai iya faɗa maka ko makullin ne ba ya aika saƙo ko motar ce ba ta ji, ko fis ne ya tsinke, ko ma babban batirin mota ne ya yi ƙasa.

Abin kiyayewa a nan magana ce guda: "sai an sake haɗa shi da kwamfuta." A mafi yawan motoci canjin batir ba ya goge komai, makulli yana riƙe da lambarsa. Wasu motocin Faransa, irin su Peugeot da Citroën, sukan buƙaci a sake daidaita rimot, kuma abu ne da mai mota zai yi da kansa: a sa makulli, a murɗa har fitilun allo su kama, nan take a danna maɓallin kullewa na 'yan daƙiƙu, a kashe a zare. Wanda ya nemi jaka da yawa a kan wannan, a tambaye shi me ya gani.

Idan har ta kai ga sayen wani rimot, a tuna asalin motar. Wadda aka yi don kasuwar Turai yawanci tana magana da rimot a zangon rediyo na 433 MHz, ta Amurka a 315. Rimot biyu za su yi kama kamar tagwaye amma ɗaya ba zai buɗe motar ba.

Wakilin kamfani

A Kamaru CAMI ce wakiliyar Toyota, tana da reshe a Garwa, a Njamena kuma CFAO. Batirin gaske ne, lamba daidai, da takardar shaida. Kuɗi ya fi ko'ina, kuma ga wanda ke nesa kuɗin hanya ya fi na batirin. Ya dace da sabuwar mota da ke ƙarƙashin garanti, da motar ma'aikata ko ƙungiya da mai lissafin kuɗi yake neman rasit, ko idan dama ranar juyen mai ta zo a haɗa gaba ɗaya. Akwai kuma makullan da ba a yi su don a buɗe ba, kamar na wasu tsofaffin BMW da batirinsu mai caji ne, an liƙe shi da dalma, yana cajin kansa idan makulli yana jikin mota. Irin wannan ba aikin tebur ba ne, sai wakili ko ƙwararren mai makulli.

| Zaɓi | Kuɗi | Daɗewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Na tebur | Mafi araha | Sa'a ce, wata kaɗan ko shekara | Ko'ina akwai | Jabu, lamba ba daidai ba |
| Na kamfani da hannunka | Matsakaici | Cikakkiya | Sai an nema | Karya murfi, ɓatar da ƙwayar ciki |
| Mai agogo ko waya | Batir da ɗan kuɗin hannu | Ya danganta da batirin | Minti kaɗan | Kaɗan, idan ka zo da batirinka |
| Mai wutar mota | Ya ɗara na mai agogo | Ya danganta da batirin | Akwai jira | Ƙarin aikin da ba a buƙata |
| Wakilin kamfani | Mafi tsada | Cikakkiya | Manyan birane kawai | Mafi ƙanƙanta |

Wa ya dace da wanne

Mai mota a cikin gari, wanda makullinsa bai tsufa ba kuma hannunsa ba ya rawa: batirin kamfani daga kantin magani ko shagon kwamfuta, ya sa da kansa. Idan makulli ɗaya tak gare shi, ko robar ta riga ta tsage, ya sayi batirin ya kai wa mai agogo. Wannan haɗin, batir daga kanti mai inuwa da hannun mai agogo, shi zan zaɓa wa mafi yawan mutane, har da Hajiyar da ba ta son ta taɓa sukundireba.

Direban da ke bin dogayen hanyoyi, Ngaundare zuwa Garwa, Marwa zuwa Kusiri, ko Njamena zuwa Abeche: kada ya jira alama. Makullin aljihu a canja masa batir duk shekara kafin bazara ta kama, a riƙe na ajiya a cikin kwalinsa a jakar takardu. Kada a bar shi a aljihun mota, don motar da aka rufe a rana cikinta ya fi waje zafi nesa ba kusa ba, kuma batirin da ke cikin motar da ta ƙi buɗewa ba shi da amfani.

Na tebur yana da ranarsa: ka makale a ƙauye ko tasha, shi kaɗai ke akwai. A saya, lamba daidai, a ɗauke shi a matsayin na wucin gadi.

Wanda batirinsa yake mutuwa duk bayan 'yan watanni, ko da na kamfani ne, ya duba inda makulli yake kwana. Makullin aljihu da aka ajiye kusa da talabijin, kwamfuta ko cajar waya, ko aka rataye a bangon da mota take bayansa, ba ya samun hutu. A nisanta shi da kayan wuta aƙalla mita ɗaya. Toyota da yawa suna da hanyar sa shi barci: a riƙe maɓallin kullewa, a danna na buɗewa sau biyu, fitila ta ƙifta sau huɗu. Danna kowane maɓalli yana tashinsa. Wannan ya fi amfani ga makulli na biyu da ke ajiye a durowa. Idan duk an yi wannan bai daina ba, lokacin mai wutar mota ya yi.

Gidan da ke da ƙananan yara kuwa, maganar ba ta kuɗi ba ce. Wannan batirin idan yaro ya haɗiye ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona nama cikin awa biyu, kuma wanda rimot ya ƙi ma yana da sauran wutar da za ta yi ɓarna. A naɗe tsohon da salatif a fitar da shi daga gida, kada a bar shi a kan tabarma. Idan ana zargin yaro ya haɗiye, asibiti kai tsaye, ba a jira a ga alama, ba a sa shi amai.

Kowane zaɓi ka yi, ka koyi shiga motarka ba tare da batir ba tun kafin ranar ta zo. Makullin ƙarfen da ke ɓoye yana buɗe ƙofar direba, a wasu motocin ramin yana ƙarƙashin murfin roba a jikin mariƙin ƙofa. Mota mai maɓalli kuma, a taka birki, a manna rimot ɗin a jikin maɓallin tayarwa, a danna, za ta tashi ko batirin ya mutu murus. A wasu motocin wurin mannawa yana cikin akwatin tsakiya ko gefen sitiyari. Ramin makullin ƙofa da aka shekara biyar ba a taɓa ba ƙura takan cushe shi, don haka a riƙa sa makullin ana murɗawa lokaci-lokaci, a fesa masa ɗan man kwance tsatsa idan ya yi tauri.